Taron intanet, saƙon murya ko rubutu: wanne zai riƙe aiki tsakanin Makka da Kano?

Duk kamfanin da ke kawo mutane Umara daga ƙasar Hausa, komai ƙanƙantarsa, ma'aikatansa a warwatse suke. Akwai na ofis a Kano ko Kaduna ko Yamai, masu karɓar fasfo da kuɗi da neman biza. Akwai mai tarbar baƙi a filin jirgin Jidda, akwai mai kula da masauki a Makka, a unguwar Masfala ko Aziziyya, akwai na Madina da ke tsaye a Markaziyya yana jiran bas, ga kuma Hajiyar da ke tare da mata. Wasunsu ba su taɓa haɗa ido ba. Amma aikin guda ne, kuma ranar da magana ta ɓace tsakanin biyu daga cikinsu, tsohuwar da ta yi shekaru tana tari ita ce za ta zauna a kan jakarta a ƙofar otal har gari ya waye. Don haka tambayar da masu irin wannan kamfani ke yi ba ta wasa ba ce: a riƙa kiran taro ta intanet, ko a tsaya a saƙon muryar da kowa ya saba da shi, ko a ɗora wa kowa rubutu?

Babu wadda za a yar a cikin hanyoyin nan uku. Abin da ake zaɓa shi ne wadda za ta zama madogara, wadda in saɓani ya taso ita za a koma wa a ce ga abin da aka tsayar. A nan ni rubutu nake zaɓa, duk da na san shi ya fi yi wa mutanenmu nauyi, kuma yana da wuraren da yake gazawa ƙwarai.

Tun kafin a zo maganar manhaja, agogo ya riga ya yanke rabin hukunci. Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2, tana gaban Gana da awa 3. Awa biyu kamar ba komai, sai ka jera lokutan salla. Ana kiran Azahar a Makka ƙarfe 12 da 'yan mintuna, lokacin a Kano ƙarfe 10 ne da wani abu, ofis ya fara cika da jama'a ke nan. Wanda ke aiki kusa da Harami kuwa, zuwa salla da dawowa cikin cunkoso kan ci masa awa guda. Masallatai da yawa a Kano ba sa tsayar da Azahar sai 1:30 ko 2, daidai lokacin da mu nan Makka muke haramar La'asar. Ga ranakun hutu: tun 2013 Saudiyya ta mayar da nata Juma'a da Asabar, Najeriya kuwa Asabar da Lahadi. Ranar Lahadi ofisoshin otal da na kamfanonin mota suna aiki a nan, ofishin Kano a kulle. Ranar Juma'a kuma na Kano ne ke neman na nan bai samu ba. Litinin zuwa Alhamis ne kowa ke bakin aiki, a cikinsu ma gurbin da ba ya karo da sallar kowa bai wuce biyu ba: 8:30 zuwa 9:30 na safe agogon Kano, ko 11:30 zuwa 12:30. In azumi ya zo lissafin ya sake rikicewa, domin dokar ƙwadago ta Saudiyya ta rage wa Musulmi aiki zuwa awa 6, kuma Makka takan koma garin dare, musamman a goman ƙarshe. Duk hanyar da sai kowa ya hallara a lokaci guda, tun daga tushe tana da tsada.

Duk da haka akwai abin da taro kaɗai ke iya yi. In za a sauya otal ana tsaka da aiki, ko kamfanin mota ya ƙara kuɗi ana son sanin za a haƙura ne ko a nemi wani, ko na Madina da na Makka sun sami saɓani kan wa ya bar rukuni babu jagora, irin wannan magana tana son a ja a saki, wannan ya faɗa wancan ya mayar, a ji sautin muryar juna. In aka bar ta a guruf, kwanaki za a yi ana jifan juna da saƙo, zukata na ƙara tsami. Minti 20 na magana kai-tsaye kan kashe ta.

To ta wace manhaja? Da fari mutum zai ce WhatsApp, tunda yana wayar kowa kuma kiransa na ɗaukar mutum 32. Sai dai a Saudiyya nan gizo ke saƙa. A watan Satumban 2017 hukuma ta buɗe kiran intanet ga manhajoji irin su Skype da FaceTime, kiran WhatsApp kuwa ya ci gaba da zama a toshe shekaru bayan haka, abin da ya sa mutanenmu na nan suka rungumi IMO wajen gaisawa da gida. Saƙon rubutu da na murya suna tafiya lafiya lau. Kira ne ba a dogara da shi. Ko da ya shiga a wayarka yau, kada ka ɗora taron kamfani a kansa. Skype ɗin ma an rufe shi a watan Mayun 2025. Saura Zoom da Google Meet da Microsoft Teams. Kowannensu na ɗaukar mutum 100 kyauta, adadin da ya zarce bukatar ƙaramin kamfani nesa ba kusa ba, don haka ba nan ake duba bambanci ba. Zoom na kyauta yana yanke taro a minti 40, Meet da Teams suna kai minti 60. Zoom na kyauta yana barin mai kwamfuta ya naɗi taron ya ajiye, Meet na kyauta ba ya yin haka. Meet kuma shi ya fi sauƙin shiga, domin kusan duk mai wayar Android yana da adireshin Gmail tun ranar da aka saita masa ita. Teams ya dace da kamfanin da dama da kayan Microsoft yake aiki. In ba haka ba, rajista da nauyinsa a kan ƙaramar waya sun isa su kori mai tarbar baƙi.

Minti 20 ɗin nan da ke tsakanin Zoom da Meet ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ba ma fara magana sai an gaisa, kuma bai kamata a daina ba. Mutum goma su gaisa, a tambayi iyali da gajiya da baƙi, minti goma sun tafi. A jira wanda sabis ya yanke wa, wasu biyar sun bi su. Sai an kai ga gundarin maganar Zoom zai rufe ƙofa, a ce kowa ya sake shiga, kuma ba kowa ke dawowa ba. Shi ya sa taron cikin gida na fi son Meet. Zoom a ajiye shi don zama da kamfanin Saudiyya da ake hulɗa da shi, inda ake son a naɗi abin da aka yi yarjejeniya a kai, da sanin kowa da yardarsa.

Kyamara kuwa, a kashe ta. Bisa ƙididdigar Zoom kansa, murya na bukatar kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, bidiyo kuma daga 600 yake farawa. Ninki bakwai zuwa goma ke nan. In ka lissafa abin da ke fita da abin da ke shigowa, awa guda ta bidiyo na iya cinye rabin gig, ta murya kuwa ba ta kai megabait 100 ba. Mu da ke kan layin STC ko Mobily ko Zain, ga Wi-Fi a otal, ba ma jin wannan a jikinmu. Yaron ofis a Kano da ke sayen data daga albashinsa, bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince da shi a watan Janairun 2025, shi ke ji. Ga cajin da bidiyo ke zuƙewa a garin da wuta ba ta da tabbas. Akwai kuma Hajiyar da ke magana daga ɗakinta ko daga ɗakin mata, wadda tilasta mata buɗe kyamara shiga haƙƙi ne. Bidiyo na da ranarsa: in an ɗauki sabon ma'aikaci ana son a san fuskarsa, ko za a kama sabon masauki mai kamfani na son ganin ɗakuna da banɗaki da nisan wurin da Harami. Gani ya kori ji. Amma ko a nan, a ɗauki bidiyon a tura ya fi a yi shi kai-tsaye hoto na tsinkewa.

Saƙon murya shi ne sarkin hanyoyin nan a aikace, kuma masu raina shi ba su san mutanen da ke aikin ba. Bahaushen da aka haifa a Makka ko Madina yana jin Hausa ras, amma da Larabci ya yi makaranta. Ka rubuto masa Hausar boko sai ya yi ta haɗa baƙi kamar mai koyo. Na Kano yana rubuta boko da Turanci, Larabcin kuwa wani iyakarsa na karatun allo. Dattijon direba ko mai dafa abinci wataƙila ajami ya fi sani. Abin da ya haɗa su duka shi ne Hausar baki. Wannan ce babbar hujjar saƙon murya, kuma ba a ture ta. Ƙari a kan haka, mai tura keken tsohuwa a filin jirgi ba shi da hannun rubutu. Saƙon ba ya bukatar ɗayan ya kasance a farke, in sabis ya ɗauke yana jira har ya dawo ya wuce. Kuma yana ɗauke da ladabi: “Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma, wata 'yar matsala ce ta taso” a baki yana sanyaya abin da in da rubuta shi aka yi zai zama kamar ƙara aka kai.

Inda yake kasawa shi ne lambobi da ranaku, su kuwa su ne aikin. Ba a bincika abin da ke cikin murya. Ka rubuta sunan otal a wurin nema, wayar za ta kawo maka duk rubutun da ya ambace shi. Abin da aka faɗa da baki kuwa sai dai ka bi saƙo ɗai-ɗai kana saurare. Mai saƙo yakan haɗa magana uku a minti huɗu, mai saurare ya riƙe ta farko da ta ƙarshe. A cikin hayaniyar Titin Ibrahim Khalil bayan sallar Isha'i, “sha biyu” da “sha biyar” ba su da nisa a kunne. Ranar da za a yi lissafin kuɗi bayan an gama, kowa ya rantse kan abin da ya ji, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗi.

Mafi haɗari shi ne maganar dare. Jirgin da zai sauka Jidda ƙarfe 1:30 bayan tsakar dare, wayewar garin Talata, wani zai ce daren Litinin, wani ya ce daren Talata, tunda a lissafin addini dare ne ke gaba da yini, wani kuma ya ji “daren Talata” ya ɗauka Talata da dare ake nufi, ya tura bas bayan awa 24. Sannan agogon wa? Tikiti kullum da agogon filin da jirgi zai sauka yake nuna lokacin sauka, amma mai magana daga Kano yakan juya shi zuwa nasa agogon ba tare da ya faɗa ba. Haka kwanan wata: nan da kalandar Ummul Ƙura ake aiki, a Najeriya kuwa sanarwar Sarkin Musulmi ake bi, kuma akan sami tazarar kwana ɗaya. Wanda ya ce “mu shiga otal ranar 20 ga azumi” bai gama magana ba tukuna. Duk waɗannan a baki suke zamewa. A rubuce kuwa ana iya ɗaure su, kamar haka:

Rukuni na 3. Mutum 42, maza 18, mata 24. Keken marasa ƙarfi 2. Sauka Jidda: Talata, 01:30 agogon Saudiyya, wato Litinin da dare. Bas 1 zuwa Makka. Mai tarba: wakilin Jidda. Ɗakuna 11, an biya.

Wannan ba ya bukatar iya tsara jimla. Lambobi ne da kalmomin da ba sa canzawa, ko wanda boko ke ba wa wahala in ya ga irinsa sau biyu ya gane gurbin kowane abu. Abin da nake nufi da rubutu ke nan, ba doguwar wasiƙa ba. Sama da shi kuma a sami jadawali guda, irin na Google Sheets, wanda kyauta ne kuma yana buɗuwa a waya: kowane rukuni da layinsa, ranar zuwa, ranar wucewa Madina, ta bas ce ko ta jirgin ƙasa na Haramaini, ranar da aka samu izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, ranar komawa. Jadawalin na ajiye tarihin duk gyaran da aka yi da wanda ya yi shi, don haka gardamar “wa ya sauya?” ba ta daɗewa. Sunayen baƙi kuma a rubuta su daidai yadda suke a fasfo, harafi da harafi. Muhammad da Mohammed da Mamman mutum ɗaya ne a unguwa, a kwamfutar otal da ta kamfanin jirgi kuwa mutum uku ne.

Rubutu na da nasa aibun, kuma in ba a yi maganinsa ba tsarin zai mutu cikin mako biyu. Yana da sanyi. Yaro ya rubuta wa dattijo “a tura bas ƙarfe 9” babu sallama, dattijon ya ji an raina shi, alhali yaron sauri yake. Wasu kuma kunyar kuskuren rubutu ke hana su, sai su yi shiru gaba ɗaya, shirun nan kuwa ya fi saƙon murya mai tsawo illa. Maganin da na ga yana aiki shi ne a naɗa mutum ɗaya, galibi a ofishin gida inda ake zaune kan kujera, ya zama marubucin tawaga. Kowa ya turo muryarsa yadda ya saba. Shi kuma ya saurara, ya tsamo lambobi da ranaku, ya rubuta a ƙarƙashin saƙon, mai saƙon ya amsa da “haka ne”. Daga lokacin, rubutun ne hujja. Ta haka ba a ƙwace wa kowa bakinsa ba, kuma ba a bar aiki a iska ba. Aikin marubucin nan aiki ne na gaske, a biya shi a kansa, kada a mayar da shi ɗorin da ake ɗora wa wanda ya fi kowa ƙanƙanta.

Guruf ɗaya ba ya isa. A WhatsApp ana iya saita guruf ta yadda shugabanni kaɗai ke turawa. Wannan ya zama na sanarwa da abin da aka tsayar. Na biyu na aikin yau da kullum. Na uku na zumunci, inda barka da Juma'a da ɗaurin aure da suna da ta'aziyya za su sami wuri. Kada a raina na ukun. Mutanen da ba sa haɗuwa a masallaci ko wurin cin abinci, nan ne kaɗai suke zama 'yan'uwa, kuma wanda ya yi maka ta'aziyyar mahaifiyarka ba ka ƙin ɗaga wayarsa ƙarfe uku na dare. Wasu na ba da shawarar komawa Telegram, domin sabon shiga na iya ganin tsofaffin saƙonni kuma takardu ba sa ɓacewa in an sauya waya. Gaskiya ne. Amma guruf ɗin Telegram ba shi da irin kullen sirrin da WhatsApp ke da shi, wanda daga mai turawa sai mai karɓa, kuma manhajar da mutane ba sa buɗewa sai an tuna musu ba ta da amfani ranar gaggawa. Hoton fasfo da shaidar biyan kuɗi dai kada su shiga kowane guruf. Amanar mutane ce, kuma Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023. A ajiye su inda mutum biyu ko uku kaɗai ke da izinin buɗewa. Kowa kuma ya sa wa WhatsApp ɗinsa lambar sirri ta biyu, domin 'yan damfara sun daɗe da gano cewa hanya mafi sauƙi ta sace layi ita ce su kira su ce akwai taron Zoom, a karanto musu lambobi 6 da aka turo. Babu taron da ke neman wannan lamba.

Shi kansa taron, sau ɗaya a mako ya wadatar in rubutu na tafiya, kuma yadda ake jan sa ya fi manhajar muhimmanci. A tura batutuwan tun jiya, biyu ko uku, a rubuce da kuma murya. Abin da labari ne kawai, irin su rukuni kaza ya sauka lafiya, ba ya cikin taro, jadawali ya riga ya faɗa. A buɗe ɗakin minti goma kafin lokaci don a gaisa a natse, lokaci na yi a buɗe da addu'a a shiga aiki.

Babban abin da ke kashe taronmu shi ne kunya. A zaure, mai gida na ganin fuskar yaronsa ya san akwai magana a bakinsa. A waya babu fuska, sai shiru, shi kuma Alhaji ya ɗauki shirun a matsayin yarda. Da zarar mai kamfani ya fara faɗin ra'ayinsa, magana ta ƙare, babu wakilin Madina da zai ce “Alhaji, ba zai yiwu ba” a gaban mutum goma, ko da ya san bas ɗin ba zai isa kafin lokacin Rauda ba. Don haka mai jan taro ya kira mutane da suna, ya fara da na ƙasa da waɗanda ke bakin aikin, mai kamfani ya zo ƙarshe. Kuma kada a tambaya “akwai mai magana?”, babu wanda zai amsa. A ce: “Malam, kai da ke Madina, me zai hana wannan tafiya daidai?” Tambayar da ta ba shi izinin kawo matsala ke nan ba tare da ya yi musu da babba ba. “Hajiya, matan za su iya wannan tafiyar bayan ɗawafi, ko a bar su su huta?” Sau da yawa amsar da ke ceton rukuni daga bakin wanda bai saba magana ba take fitowa.

A lura kuma da mutanen ofis da ke zagaye waya ɗaya. Su huɗu suna ɗaki guda, suna ganin juna, suna ƙus-ƙus a gefe, har su tsayar da magana na Makka da na Jidda suna jin hayaniya kawai. Ko dai kowa ya shiga da wayarsa ya rufe makirufo sai zai yi magana, ko mai jan taro ya riƙa maimaita abin da aka faɗa a ɗakin. Faɗa kuwa ba a yin sa a taro, ba a yin sa a guruf. Wanda ya yi laifi a kira shi shi kaɗai. Tsawar da aka yi wa mutum a gaban tawaga ta waya ta fi ta ido da ido ciwo, domin babu damar a dafa kafaɗarsa bayan an tashi. Kafin a rufe, kowa ya maimaita da bakinsa abin da ya rataya a wuyansa da ranar da zai gama. “In sha Allahu” wajibi ce a bakin Musulmi, amma a haɗa ta da rana da sa'a. Marubuci ya tura abin da aka tsayar cikin awa guda, wanda sabis ya hana shiga ya karanta.

Girman tawaga na sauya awon. In ku uku ne ko huɗu, wa da ƙani da suruki, ba kwa bukatar Zoom ko Meet. Murya ta ishe ku, muddin duk abin da ya shafi kuɗi da rana da adadin mutane an bi shi da rubutu. Da zarar kun haura mutum bakwai ko takwas, ko kuna da rukuni fiye da ɗaya a ƙasa a lokaci guda, jadawali da marubuci sun zama dole, taron mako ta Meet ya biyo baya. Biyan kuɗin Zoom ko Teams sai kamfanin da ke yawan zama da abokan hulɗa na Saudiyya ko hukumomin alhazai. Kafin nan, kuɗin ya fi amfani a saya wa ma'aikatan gida data da abin ajiye caji.

Kwanakin aikin Hajji kuwa dokarsu daban. A 2025 mutum sama da miliyan 1.6 suka yi Hajji, dukkansu a Mina da Arfa da Muzdalifa cikin kwanaki biyar ko shida, kowa da waya a hannu. A 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. A irin wannan rana waya kan yi zafi ta ƙi aiki, caji na zuba kamar an huda shi. Duk tsarin da ya dogara da intanet a nan ba a ba shi amana. Taron ƙarshe a yi shi ranar 6 ko 7 ga Zulhajji. A buga jadawalin a takarda, kowane jagora ya sa nasa a jakar wuya, da lambar tanti da lambobin layin Saudiyya na sauran jagorori da na likitan tawaga. Daga ranar 8 magana ta koma kiran waya na yau da kullum da gajeren tes, a lokutan da aka riga aka sa: bayan isa Mina, bayan hawa Arfa, bayan isa Muzdalifa, bayan jifa. A ofishin gida mutum ɗaya ne zai riƙa karɓar rahoton nan, shi zai amsa wa iyalan alhazai, sauran kuma a roƙe su kada su kira jagora yana tsakiyar ƙirga mutanensa a hanyar Jamarat.